Leo Fender

Clarence Leonidas Fender (10 ga Agusta, 1909 – 21 ga Maris, 1991), wanda aka fi sani da Leo Fender, mai gyaran rediyo ne kuma maƙerin kayan kiɗa ɗan ƙasar Amurka. Shi ne ya kafa kamfanin Fender a garin Fullerton da ke jihar Kalifoniya, daga baya kuma ya shiga cikin kafa kamfanonin Music Man da G&L. Daga hannunsa jitocin lantarki na Telecaster da Stratocaster suka fito, haka ma jitar bas ta Precision da amfilifayar Bassman, kuma har yau ana ƙera su kusan a yadda ya zana su a shekarun 1950. Fender bai taɓa koyon kaɗa jita ba. Abin da ya iya shi ne buɗe kayan da suka lalace ya gano inda matsalar take, kuma da wannan idon na mai gyara ya tsara jitarsa ta yadda kowane ɓangare nata, tun daga wuya har zuwa soket ɗin da ake cusa waya, za a iya kwance shi da sukundireba a sauya.

Haihuwa da tasowa

An haifi Fender a gonar lemun iyayensa da ke tsakanin Anaheim da Fullerton. Sunan mahaifinsa Clarence Monte Fender, mahaifiyarsa kuma Harriet Elvira Wood. Yana da kimanin shekara takwas wani ƙari ya fito masa a idon hagu, aka cire idon aka sa masa na gilashi. Wannan lalurar ce ta sa ba a ɗauke shi soja ba a Yaƙin Duniya na Biyu. A makaranta ya taɓa koyon fiyano, ya kuma busa sakzafon na ɗan lokaci, amma hankalinsa bai zauna a kan kiɗa ba.

Yana matashi ya ziyarci kawunsa John West, wanda ke da shagon gyaran wayarin mota a Santa Maria. A can ya ga wata rediyo da kawun ya harhaɗa da ragowar kayan gyara. Bayan ya koma gida sai ya fara kwance rediyoyi yana mayarwa, har maƙwabta suka soma kawo masa nasu. Ya gama sakandaren Fullerton a 1928, ya shiga ƙaramar kwalejin garin ya karanta aikin akanta. Bai taɓa zama a ajin injiniyan lantarki ba. Duk abin da ya sani a fannin da kansa ya koya.

Ya yi aikin kai kaya, sannan na riƙe littafin kuɗi, a wani kamfanin ƙanƙara a Anaheim. A 1934 ya auri Esther Klosky, ya kuma samu aikin akanta a hukumar hanyoyi ta Kalifoniya a San Luis Obispo. Lokacin ana cikin matsin tattalin arziki a Amurka, aka rage ma'aikata har da shi. Ya koma wani kamfanin taya, nan ma aikin bai daɗe ba.

Shagon rediyo

A 1938 ya ranto dala 600, ya koma Fullerton da matarsa ya buɗe shago mai suna Fender Radio Service. Ban da gyara, yana sayar da faifan garmaho, yana kuma haɗa lasifika da amfilifaya yana bayarwa haya ga makaɗa da masu taro, sana'ar da duk wanda ya san masu hayar lasifika a gidajen biki da wuraren wa'azi zai gane ta. Makaɗan yankin, musamman masu kiɗan ƙauye na yammacin Amurka, suka riƙa kawo masa amfilifaya da jitocinsu idan sun lalace. Shekarun da ya yi a wannan benci su ne makarantarsa. Ya ga abin da ke karyewa da farko idan makaɗi yana yawo da kayansa a bayan mota daga gari zuwa gari, ya kuma ga irin kayan da gyaransu ke cin kwana da kwanaki saboda an manne komai da gam.

A shagon ne ya haɗu da Clayton Orr Kauffman, wanda ake kira Doc, makaɗi kuma maƙeri da ya taɓa aiki da kamfanin Rickenbacker. A 1944 su biyun suka nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira ta wani maɗaukin sauti, a 1945 kuma suka kafa K&F, suna ƙera ƙananan amfilifaya da irin jitar da ake kwantarwa a cinya ana goga mata ƙarfe. Kauffman ya janye a farkon 1946 don tsoron bashi. Fender ya ci gaba shi kaɗai da sunansa. Don Randall, wanda ke aiki a kamfanin F. C. Hall na Santa Ana, ya karɓi ɓangaren talla da rarrabawa, George Fullerton kuma ya shigo masana'antar a 1948.

Telecaster

Jitar gargajiya tana da ciki mai rami, kamar ƙoƙon gurmi ko na garaya, kuma ramin ne ke amsa sautin tsirkiya. Idan aka sa mata maɗaukin sauti aka ƙure amfilifaya, sai sautin lasifika ya dawo ya girgiza cikin, jitar ta shiga kuwwa ba tare da an taɓa ta ba. Maganin shi ne a yi jiki da katako daskararre marar rami. Ba Fender ne ya fara wannan tunanin ba. George Beauchamp da Rickenbacker sun sayar da jitar cinya ta ƙarfe tun farkon shekarun 1930, Les Paul ya haɗa tasa a kan guntun gungume wajen 1940, Paul Bigsby kuma ya ƙera wa mawaƙi Merle Travis guda ɗaya a 1948. Abin da Fender ya ƙara shi ne hanyar ƙera irin wannan jita da yawa, a farashin da makaɗin gidan rawa zai iya biya.

Jikin tsinken katako ne da aka yanke da inji. Wuyan daban ake yinsa da katakon mapul, a ɗaure shi da jikin da sukuru huɗu. Masu ƙera jita na da manne wuya suke yi da gam, don haka idan ya lanƙwashe ko ƙarafan da ke gicciye a kansa suka cinye, sai gwani ya yi aikin kwanaki. A wajen Fender kuwa sai a kwance sukuru huɗu a ɗora sabon wuya. Maɓallan ƙara da na sauya sauti suna kan wani farantin ƙarfe guda, ana ɗaga shi a ga duk wayoyin.

Samfurin farko ya fito a 1950 da sunan Esquire. Da aka kai shi baje kolin kayan kiɗa a Chicago, wasu 'yan kasuwa suka yi masa dariya suna kamanta shi da filafilin tuƙa kwalekwale. Na farkon ma suna da aibi na gaske, domin ba a sa sandar ƙarfe a cikin wuyan ba, wasu suka lanƙwashe. Randall ya matsa aka sa sandar. A ƙarshen shekarar aka fitar da mai maɗaukin sauti biyu da sunan Broadcaster, amma a farkon 1951 kamfanin Gretsch ya yi ƙorafi cewa yana da ganguna masu suna irin wannan. Fender mutum ne da ba ya son asara, sai ya sa aka riƙa yanke sunan daga tambarin da aka riga aka buga, ana liƙa sauran. Jitocin da suka fita a wannan tsakanin babu sunan samfuri a kansu, kuma a yau suna cikin waɗanda masu tara kayan tarihi suka fi biya wa kuɗi. Randall ne ya zaɓi sabon suna, Telecaster, saboda talabijin ce abin yayi a lokacin. Gibson, wanda ya raina abin da farko, ya fitar da tasa jitar marar rami a 1952.

Precision da Stratocaster

A 1951 Fender ya fitar da bas ta Precision. Kafin ita, mai kaɗa bas yana fama ne da wani ƙaton abin kiɗa da ya kai tsayin mutum, wanda ake tsayawa a kaɗa, ba ya shiga mota cikin sauƙi, kuma ganguna da ƙahonni suna danne sautinsa. Precision ana rataya ta kamar jita, tana da ƙarafa a wuya da ke nuna wa yatsa daidai inda zai danna. Monk Montgomery na ƙungiyar Lionel Hampton yana cikin waɗanda suka fara yawo da ita. An yi mata amfilifayar Bassman a 1952, sai ga shi masu jita ne suka fi son ta. Samfurinta na ƙarshen shekarun 1950 shi ne Jim Marshall ya kwaikwaya a Landan a 1962 ya fara nasa kamfanin.

Stratocaster ta fito a 1954, ana sayar da ita dala 249.50. Freddie Tavares ya taimaka wajen zanen, makaɗa irin su Bill Carson da Rex Gallion kuma suka riƙa gwadawa suna faɗin abin da ke damunsu. Sun koka cewa kaifin gefen Telecaster yana cin haƙarƙari, sai aka fafe bayan sabuwar da inda hannu ke kwanciya. Tana da maɗaukin sauti uku, da wani hannun ƙarfe da ke sassauta tsirkiyoyi ya sa sauti ya yi rawa. Ta fuskar gyara, abin da ya fi muhimmanci shi ne an ɗora maɗaukan sauti da maɓallai duka a kan farantin roba guda. Ma'aikaciya tana haɗa shi a benci daban, sannan a kifa shi a kan katakon a haɗa 'yan wayoyin da suka rage. Mai gyara ma haka yake ɗaga shi gaba ɗaya. Bayan ta sai Jazzmaster a 1958, bas ta Jazz a 1960, da Jaguar a 1962.

Soket ɗin jita

Babu wani ɓangare na jitar lantarki da ake kai wa masu gyara ƙararsa kamar soket, wato ramin ƙarfen da ake cusa fulogin wayar da ke zuwa amfilifaya. Fender bai ƙirƙiro shi ba. Fulogi mai kaurin rubu'in inci, milimita 6.35, ya samo asali ne daga allunan haɗa layukan tarho na ƙarshen ƙarni na 19, inda ma'aikata ke cirewa da cusawa sau ɗaruruwa a rana. Masu rediyo sun gaje shi daga can, kuma duk shagon rediyo na zamanin Fender yana da shi a aljihun tebur. Irinsa ne dai ake gani a gaban amfilifayar masallatai da ta masu hayar lasifika. Kamfanin Fender ya riƙa sayen nasa daga Switchcraft na Chicago, wanda aka kafa a 1946. Zaɓen kayan da ake samu a ko'ina, maimakon ƙera na musamman, ya sa jitar 1954 za ta karɓi soket ɗin da aka saya jiya a kasuwa ba tare da an faɗaɗa rami ba.

Aikin soket ɗin mai sauƙi ne. Maɗaukin sauti maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, wajen zagaye 8,000 a na Stratocaster. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ta haifar da 'yar wutar lantarki, wadda yawanci ba ta kai bolt ɗaya ba. Waya biyu ke ɗauko wannan wutar zuwa soket. Ɗaya tana zuwa wani harshen ƙarfe mai tsalle da ke kama kan fulogi, ita ce mai ɗauke da sautin. Ɗayar tana zuwa zoben da jikin fulogi ke gogawa, ita ce ta ƙasa, mai kare sautin daga gurnani. Duk kiɗan jitar ta waɗannan wurare biyu yake wucewa, kuma inda harshen ke taɓa fulogi bai fi kan allura faɗi ba.

Ƙanƙantar wutar ce ke sa tsatsa kaɗan ta zama babbar matsala. Soket ɗin gida mai bolt 230 ba ya jin ɗan datti, amma wutar jita ba ta da ƙarfin ratsa shi. Ana lulluɓe ƙarfen soket da nikel don kariya. Yawan cusawa da cirewa yana goge wannan rufin, ƙarfen da ke ƙasa ya bayyana, iska da danshi su fara cinsa. Idan tagulla ce sai ta dushe, wani lokaci ta yi kore. Noti da wasa na baƙin ƙarfe kuwa jan tsatsa suke yi. Gumin hannu, saboda gishirin da ke cikinsa, ya fi komai hanzarta abin, domin makaɗi da jiƙaƙƙen hannu yake kama fulogin ya tura shi ciki. Yanayi ma yana da nasa rabon. Jitar da aka ajiye a ɗaki da damina a wuri mai danshi, irin garuruwan fadamar Haɗeja kamar Miga da Auyo, za ta fi saurin dushewa a kan wadda ke busasshiyar ƙasa. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ramin ta zauna, idan damina ta zo ta sha danshi ta riƙe shi a jikin ƙarfen. Alamomin ba sa ɓoyuwa: ƙarar ƙas-ƙas idan waya ta motsa, sauti ya yi ƙasa, ko ya ɗauke a tsakiyar waƙa ya dawo idan an murɗa fulogi.

Masu gyara sukan fara ne da tabbatar da cewa laifin ba na wayar ba ne, ta hanyar gwada wata. Idan soket ne, sai a jiƙa auduga ko fulogin kansa da sifirit ko maganin wanke mahaɗar lantarki, a cusa a cire sau da yawa har baƙin ya fita. Ba a sa mai, domin ƙura yake tarawa. Takardar yashi mai kaushi tana ba da sauƙi na 'yan makonni, amma tana kankare ragowar nikel ɗin, tsatsar ta dawo fiye da da. Idan harshen ya saki, ba a jin ƙaramar ƙarar kamawa lokacin da fulogi ya shiga, to ana lanƙwasa shi kaɗan zuwa ciki. Idan ƙarfen ya ci sosai, sauyawa ta fi, kuma aikin bai wuce narka dalma a wuri biyu ba. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne musanya wayoyin biyu, abin da ke sa jitar ta riƙa gurnani, gurnanin kuma ya ƙaru idan aka taɓa tsirkiya. Akwai wani kuskuren da ya fi wannan yawa, wanda makaɗa da kansu ke yi: noti ya kwance, mutum ya ɗaure shi daga waje ba tare da ya riƙe soket ɗin daga ciki ba, soket ɗin ya juya tare da notin, ya murɗe wayoyin har ɗaya ta tsinke. Jitoci da yawa da aka ce sun mutu, wannan ne kawai ya same su.

A nan ne ake ganin yadda Fender ke koyo daga kuskurensa. A Telecaster ya sa soket ɗin a gefen jiki, cikin wani ɗan kofin ƙarfe da ke nutse a rami. Babu sukuru ko ɗaya da ke riƙe da kofin. A yawancin samfura wani lanƙwasasshen ƙarfe ne ake dannawa cikin ramin ya ciji katako, kofin da soket ɗin su rataya a kansa. Duk lokacin da aka taka waya ko aka fizge ta, ƙarfen yana ɗan cin katakon, har ya saki, kofin ya riƙa lilo, wani lokaci ya fito gaba ɗaya da wayoyinsa a rataye. Mayar da shi yana bukatar kayan aiki na musamman, kuma fulogi mai lanƙwasa ba ya zama da kyau a cikin kofin. A jitar da kusan komai nata yake da sauƙin gyara, wannan ne wuri guda da aka gaza, kuma abin mamaki kamfanin ya ci gaba da yin sa haka shekaru da dama. Wasu kamfanoni sun samu kasuwa ta ƙera madadinsa mai sukuru biyu, wanda aka fi sani da Electrosocket.

Da ya zo Stratocaster sai ya sauya tsarin baki ɗaya. Ya dawo da soket ɗin fuskar jitar, cikin wani farantin ƙarfe mai siffar ƙaramin kwalekwale da sukuru biyu ke riƙewa. Ramin a karkace yake, don haka fulogi yana kwantawa ne ya nufi ƙasan jitar maimakon ya tsaya cak. Makaɗi yana ganin inda zai cusa ko a cikin duhun dandali, waya ba ta tokare hannu, kuma idan an zauna ba ta dannuwa a cinya ko a kujera. Mai gyara kuwa sukuru biyu zai kwance, soket ɗin ya fito a tafin hannunsa ba tare da an taɓa tsirkiya ba. Ba duka samfuransa suka samu wannan gatan ba. Da aka sake fasalin Precision a 1957 an ɗora soket ɗin a kan farantin da ke rufe fuskarta, kuma a waɗanda farantinsu na roba ne, fizgar waya takan tsaga robar a daidai wurin. A bas ta Jazz an gyara wannan ta hanyar sa shi a kan farantin ƙarfe. Al'adar da makaɗa ke da ita ta zagaya waya ta bayan maɗaurin kafaɗa kafin su cusa, saboda irin wannan fizgar ce.

Sayar da kamfani

Zuwa tsakiyar shekarun 1960 kamfanin ya girma ƙwarai, yana da ɗaruruwan ma'aikata a masana'antarsa ta titin Raymond. Fender kuwa ya daɗe yana fama da ciwon hanci da ƙwayoyin cuta suka haddasa, wanda ya ƙi jin magani, har ya ɗauka cewa kwanansa ya kusa. A watan Janairun 1965 aka sayar da kamfanin ga CBS a kan dala miliyan 13. Yarjejeniyar ta riƙe shi a matsayin mai ba da shawara na wasu shekaru, ta kuma hana shi yin gasa da kamfanin na tsawon shekara goma. Bayan cinikin ya sauya likita, ya warke.

Makaɗa da yawa suna ganin ingancin kayan ya ragu a ƙarƙashin CBS, musamman a shekarun 1970, shi ya sa jitocin da aka yi kafin 1965 suke da farashi na daban. A 1985 CBS ya sayar da kamfanin ga wasu ma'aikatansa ƙarƙashin jagorancin William Schultz.

Music Man da G&L

A 1971 tsofaffin ma'aikatansa biyu, Forrest White da Tom Walker, suka kafa wani kamfani da tallafin kuɗinsa, wanda ya koma Music Man a 1974. Da wa'adin hanin ya ƙare a 1975 sai Fender ya fito fili ya zama shugabansa. Abin da aka fi tunawa da shi a wannan zangon shi ne bas ta StingRay ta 1976, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa masu ɗauke da ƙaramar na'urar ƙarfafa sauti da batir mai bolt 9 a cikinsu. Irin waɗannan jitoci masu batir sun ƙara wa soket wani aiki, domin a yawancinsu cusa fulogi ne ke kunna batirin. Wanda ya bar waya a jiki ya kwana, batirinsa ne ke ƙonewa, kuma tsatsa a harshe na uku takan kashe jitar ɗungurungum.

Saɓani ya shiga tsakanin abokan, Fender ya bar Music Man, wanda Ernie Ball ya saya a 1984. Shi kuma tare da George Fullerton da Dale Hyatt suka kafa G&L, sunan da aka ɗauko daga harufan farko na George da Leo, jitocinsu na farko suka fito a 1980. Masana'antar ta kasance a kan wani titi a Fullerton da aka sa wa suna Fender Avenue. A can ya ci gaba da gwaje-gwajen maɗaukan sauti da gadar tsirkiya, yana kuma karɓar sababbin takardun haƙƙin ƙirƙira har cikin tsufansa. Waɗanda suka yi aiki da shi sun bayyana shi a matsayin mutum marar son fitowa, mai sauƙin tufafi, aljihun rigarsa cike da alƙaluma da ƙananan sukundireba, wanda baƙo zai iya ɗauka ɗaya daga cikin leburorin masana'antar ne.

Masu kaɗa jitarsa

Buddy Holly ya fito da Stratocaster a talabijin ɗin Amurka a 1957, Hank Marvin ya sa matasan Ingila suka san ta daga 1959, Jimi Hendrix kuma ya kaɗa ta a taron Woodstock na 1969. James Jamerson ya yi yawancin faifan Motown da Precision. Shi kansa Fender kiɗan ƙauye ya fi so, kuma don masu wannan kiɗan ya yi jitocinsa tun farko.

Siffar Stratocaster, ta asali da kwaikwayonta masu araha da ake yi a Asiya, ta kai har Sahara, inda jitar lantarki ta zama abin kiɗan biki a wajen Buzaye a Agadez da kewaye. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, ya kuma naɗi faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato a 2008, da Stratocaster ta bahago yake zagaya duniya. A garuruwan da babu shagon jita, mai gyaran rediyo ne ake kai wa idan ta yi shiru, kuma da yake soket ɗinta da maɓallanta kayan rediyo ne tun asali, dalma da sukundireban da ke bencinsa sukan isa.

Iyali da mutuwa

Matarsa Esther ta mutu a 1979 sakamakon cutar kansa, bayan shekara 45 da aure. A 1980 ya auri Phyllis Dalton. Bai haihu ba. A shekarunsa na ƙarshe ya yi fama da cutar Parkinson, amma bai daina zuwa ɗakin gwajinsa na G&L ba har kwanakinsa na ƙarshe. Ya mutu a Fullerton ranar 21 ga Maris, 1991, yana da shekara 81, aka binne shi a maƙabartar Fairhaven da ke Santa Ana. Kamfanin G&L ya bar ɗakin aikinsa yadda ya tafi ya bar shi, da kayan gwajin a kan benci. An shigar da sunansa zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a 1992, an kuma ba shi lambar Grammy ta fannin fasaha a 2009. Gidan tarihin garin Fullerton yana da sashe na musamman da ke ɗauke da sunansa.